Na sa wa mashin sabuwar fuska da fitila, yanzu kan mashin na rawa, a ba ni shawara

Ɗan Bahra: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na san a zauren nan akwai masu hannu a aikin dabbab, wato mashin, shi ya sa na kawo kukana. Mashin ɗina 125 ne, irin ƙirar Honda CG da ake kawowa daga China, shekara uku ke nan ina hawansa. Tun rusau ɗin Jidda na 2022 muka tashi daga Sabil muka dawo Bahra, aiki kuwa yana can Jidda, don haka kullum ina kan tsohuwar hanyar Makka, safe da dare. Iska tana dukan ƙirjina har kafaɗuna su yi tsami, fitilar da mashin ya zo da ita kuma ba ta fi aci-balbal ba. Sai na yi odar fuskar roba mai gilashi a sama, ta zo da fitilarta ta LED, zagayayya, inci 7. Shekaranjiya wani mai gyara ya ɗaura min a Sana'iyya, unguwar masu gyara. Tun daga ranar ban ji daɗin mashin ba. In yana silo fitilar ƙyaftawa take yi. In na kai 70 kan ya fara rawa. In na karya kan hagu gaba ɗaya sai in ji inji ya ƙara kuka da kansa. Ga motoci sai watsa min doguwar wuta suke yi alhali ni gajeriya na kunna. Kuɗina ya shiga ciki sosai, ba na son in cire.

Baba Usta: Wa alaikumus salam. Ɗana, bar maganar fitila tukuna. Wannan kukan da inji ke ƙarawa in ka karya kai, shi ne abin da ya tsorata ni. An matse wayar totur a bayan fuskar, in ka juya kai tana janta. Wata rana kana shan kwana a hankali tsakanin tireloli mashin zai zabura ba ka murɗa ba. Kada ka hau shi gobe sai an sake wa wayar hanya.

Ɗan Bahra: Subhanallahi. Baba, ni na ɗauka sai ta saba ne.

Baba Usta: Waya ba ta sabawa, tsinkewa take ko ta maƙale. Kafe mashin a ƙafa biyu, ka tayar da shi, ka karya kai dama har ƙarshe, ka karya hagu har ƙarshe. Kukan inji bai kamata ya canja ko kaɗan ba. Ka duba wayar kuloci da ta birki da ta agogo, kowacce ta kasance tana da sakewa. Sannan ka riƙe birkin gaba ka danna kan da ƙarfi har shok ya nutse, ka ga ko ƙasan fuskar yana taɓa modigad. Masu ɗaurawa da yawa suna aunawa mashin na tsaye babu kowa a kai, sun manta shok yana shiga.

Abu Ammar Riyad: Ni dai shawarata ya cire duka ya mayar da kayan kamfani. Injiniyoyi ne suka zauna suka auna mashin ɗin nan. Mu kuma sai mu je mu sayo roba a intanet mu ce mun fi su.

Ɗan Taif: Abu Ammar, ba ka hawa da dare a hanyar da babu fitilun titi, shi ya sa. Ƙwan da ke zuwa da waɗannan ƙananan mashina wat 35 ne. A cikin gari ya isa. A hanyar Bahra bai isa ba. Mutumin nan ba ado ya je nema ba, ganin hanya yake so.

Abu Ammar Riyad: To ai ga shi ya gani. Kai na rawa a 70.

Ɗan Taif: Wannan laifin ɗaurin ne, ba laifin niyyar ba.

Mu'allim Mai Wayarin: Salamu alaikum, yanzu na rufe shago na ga maganar. Ƙanena, yi min gwaji ɗaya ka ba ni amsa. Kashe inji, ka murɗa makulli kawai, ka kunna fitilar gaba. Ta kama ko ba ta kama ba?

Ɗan Bahra: Ba ta kama ba Yaya. Sigina da hon suna yi, ita ce kawai sai na buga kik.

Mu'allim Mai Wayarin: Tayyib, abin da na zata ke nan. Fitilar mashin ɗinka ba daga batir take shan wuta ba, daga kwayil ɗin maganeto take sha kai tsaye. Wutar kwayil kuwa mai kai-da-komo ce, wadda ake ce wa AC, tana hawa da sauka gwargwadon juyin inji. Tsohon ƙwan bai damu ba, domin zare ne a cikinsa yake yin zafi ya yi haske, kafin ya huce wata wutar ta sake zuwa, iyakarta ka ga ya dushe a silo ya washe in ka ba da wuta. LED ba ta da wannan haƙurin. Wutar batir take so, mai gudu hanya ɗaya, DC. In ka ba ta ta kwayil, duk saukar da wutar ta yi sai ta nuna maka a ido. Ƙyaftawar ke nan, kuma in ka ci gaba a haka ɗan allon da ke cikinta zai ƙone, ba za ta yi wata biyu ba.

Maganinsa katawit, wato rile, ɗan makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa don ya wuce da wutar batir zuwa fitila. A jawo waya mai kauri, milimita 1.5, daga kan batir, a sa mata fis na amfiya 10 kusa da batir ɗin, ba can kusa da fitila ba. Wutar da za ta buɗe katawit a ɗauko ta daga wayar da ke samun wuta bayan an murɗa makulli, don kada ka manta fitila a kunne ta shanye maka batir. Makunnin hannu ma a raba shi da wayar kwayil a ba shi ta batir.

Launin wayoyin, in naka ya bi tsarin Honda kamar yawancin irinsa: kore ita ce ta jiki, fara gajeriyar wuta, shuɗiya doguwa. Suzuki daban ne, doguwarsu rawaya ce, ta jiki baƙa mai farin layi. Amma kada ka amince wa launi a mashin ɗin da hannaye suka riga suka shiga, a sa mita a tabbatar.

Na Madina: Mu'allim, da girmamawa, a nan ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Na yi wa nawa haka, kwana biyar batir ya kwanta. Irin wannan kwayil ɗin an raba shi ne, kaso mai yawa na fitila, ɗan kaɗan na cajin batir. In ka kwashe fitila ka ɗora wa batir, kana ɗiba da guga kana zubawa da ludayi. Ni ƙaramin rektifaya da kafasita, masu mayar da wutar kwayil irin ta batir, na sa a kan wayar fitilar, ƙyaftawa ta ragu, batir ya huta.

Mu'allim Mai Wayarin: Maganarka tana kan hanya, ban musa ba. Shi ya sa ba a yin aikin nan da ka, da mita ake yi. LED ɗinka wat nawa take ci?

Na Madina: A kwali an rubuta 120.

Mu'allim Mai Wayarin: Rubutun kwali na mai talla ne. A sa mita a layi a ga amfiya nawa take ja, a ninka da 12. Wadda na auna makon jiya an rubuta mata 100, amfiya 2 take ja, wat 24 ke nan. Tsohon ƙwan 35 yana jan kusan amfiya 3, irin na mota mai 55 kuwa ya haura 4 da rabi. Bayan an haɗa, a ɗora mita a kan batir, fitila a kunne, a ba da wuta kamar ana tafiya. In ya haura 13, caji yana rinjaye, shi ke nan. In ya tsaya 12 da ɗan wani abu yana sauka, to abin da ya same ka zai same shi. A nan sai ɗayan biyu: ko hanyarka ta rektifaya, ko a buɗe maganeto a cire ƙarshen kwayil daga jiki a sa regileta mai juya wutar duka zuwa batir. Na biyun ya fi inganci, amma aikin mai wayarin ne, ba na kowa ba.

Na Madina: Haka ne. Ni tsoron buɗe maganeto ne ya hana ni.

Hajiya Ummu Safiya: Ku yi haƙuri na shigo maganar maza. Ni ba mashin nake hawa ba, mota nake tuƙawa tun da aka ba mata izini a 2018, kuma hanyar nan ta Bahra nake bi in kai mahaifiyata asibiti. Ɗana, waɗanda suke watsa maka wuta ba tsokanarka suke ba. Wallahi fitilun nan farare na mashina in sun shigo ido, daƙiƙa biyu ko uku ba na ganin komai, daga titi har mai mashin ɗin. Akwai daren da na taka birki a tsakiyar hanya don ban san inda nake ba, ga tsohuwa a gefena. Kai kana murna kana ganin hanya, wanda ke tunkaro ka kuwa ka rufe masa ido, kuma kai ne a kan ƙafa biyu, shi yana cikin ƙarfe. Don Allah ku dinga tunawa da mu.

Ɗan Bahra: Umma, Allah ya huci zuciyarki. Wallahi ban yi tunanin haka ba, na ɗauka hasken ne ya yi musu yawa kawai.

Baba Usta: Hajiya ta faɗi abin da ya fi duk abin da muka faɗa nauyi. Ba yawan hasken ba ne, inda aka nufa da shi ne. Fitila mai kyau a gajeriyar wuta tana da layi a sama, kamar an yanka da wuƙa, ƙasa haske sama duhu. Ga yadda ake saitawa, ba ya buƙatar kuɗi. Da dare ka sami bango da fili mai daidai. Ka hau mashin, kai kanka, da akwatinka a baya in kana ɗauka, domin nauyin baya yana ɗaga kai sama. Wani ya auna daga ƙasa zuwa tsakiyar fitila, ya je ya zana wannan tsayin a bango. Ka ja baya mita 10. Layin hasken ya sauka ƙasa da zanen da santimita 10 zuwa 15. In filin bai kai ba, mita 5, santimita 5 zuwa 7. In kuwa babu layi sam, haske ya watsu ko'ina kamar na wurin biki, wannan fitilar ba ta titi ba ce, ka haƙura da kuɗinta.

Ɗan Taif: Baba, irin wannan watsuwar ta fi faruwa ga masu cusa ƙwan LED a cikin tsohon kaskon fitila. Kaskon an ƙera shi ne don zaren da ke zaune wuri ɗaya daidai. Shi nasa fitilar ce sukutum da kaskonta, akwai fatan tana da layi.

Baba Usta: Haka ne. Sai kuma abu ɗaya da mutane ba su sani ba. Duba gilashin fitilar, akwai da'ira mai harafin E da lamba? In akwai, duba ko da kibiya a kusa. Kibiyar da ke nuna damanka kana fuskantar fitilar, an yi ta ne don ƙasashen da ke tuƙi a hannun hagu, irin Indiya da Ingila da Japan. Irin wannan tana ɗaga haske ta gefen hagu don direba ya ga bakin titi. A nan Saudiyya muna bin dama, gefen hagunka shi ne idon Hajiya. Mu da muka ga canjin hannu a Najeriya a 1972 mun san wannan rigimar tun muna yara.

Ɗan Bahra: Na fita da tocila na duba. Akwai E, babu kibiya. Na haska bangon maƙwabci, akwai layi, amma yana can sama da tagarsu.

Baba Usta: Alhamdu lillahi, fitilar ta gari ce, saiti ne babu. Yanzu faɗa min, da me aka riƙe fuskar?

Ɗan Bahra: Noti biyu a kunnuwan tsohuwar fitila, sai igiyoyin roba biyu da ya ɗaure sama da su a jikin kan.

Baba Usta: Inna lillahi. To ga rawar kanka nan. Kunnuwan nan an yi su ne don kasko ɗan ƙarami. Yanzu ka ɗora musu fuska da gilashi da fitila mai gindin alminiyam, in ka ɗora a sikeli za ka ga sun yi kilo uku, kuma duk nauyin ya tsaya gaba da wuyan mashin. Ga iska tana tura gilashin. Fuska iri biyu ce. Akwai wadda ake kafawa a jikin firam, kai yana juyawa a cikinta, irin ta manyan mashina, iskar da ta doke ta firam ne ke sha. Akwai irin taka da ke bin kai, duk iskar da ta doke ta hannunka take zuwa. Tirela ta wuce ka, ta ture gilashi, gilashi ya ture kai. In ɗaurin yana da lilo kuwa sai abin ya zama rawa.

Wuri huɗu take so, biyu a ƙasa, biyu a sama, na saman da ƙarfe mai kauri zuwa notin da ke riƙe hannu. A jawo ta baya ta matso kusa da wuya iyakar yadda wayoyi suka bari. Duk inda noti ya ratsa roba a sa zoben roba da washa mai faɗi, in ba haka ba girgiza za ta tsaga ta daga ramin. Kuma kada wani ya ce zai yi walda a jikin sandar shok ko ya huda firam. Ni mai walda ne, shekara talatin da ɗoriya, ina gaya maka kada ka yarda.

Abu Ammar Riyad: Baba, ko da an ɗaure da kyau, ai nauyin yana nan.

Baba Usta: Yana nan, ban ce zai ɓace ba. Mashin zai ɗan yi nauyin kai, wannan dole ne. Amma rawa daban, nauyi daban. Kuma sau da yawa fuska ba ita ke kawo ciwon ba, tona shi take yi. Ya ɗaga tayar gaba sama ya riƙe sandunan shok ya ja gaba da baya, in ya ji ƙwas-ƙwas boris ɗin wuya ya saki. Ya juya kai a hankali, in yana maƙalewa a tsakiya boris ɗin ya ci. Ya auna iskar taya da safe kafin ta yi zafi. Shekara uku a hanyar Bahra, zan yi mamaki in boris ɗin nan lafiya yake.

Matashi Kilo Bakwai: Ni da ni ne, cikakkiyar riga zan sa masa har ƙasan inji, ya koma kamar na tsere. Na ga wani ya yi wa nasa, wallahi ya yi kyau.

Mu'allim Mai Wayarin: Injin nan ba shi da ladireta, iska ce kaɗai ke sanyaya shi ta waɗannan haƙarƙarin da ke jikin silinda. Ka rufe shi da roba a zafin watan Yuli, ka tsaya a danja, me kake jira? Waɗanda kamfani ya yi wa riga an yanka musu hanyoyin iska da lissafi.

Abu Ammar Riyad: Ga kuma Murur, 'yan sandan hanya. Canja kamannin abin hawa ba tare da izini ba mukhalafa ce, wato laifin da ake cin tara, sai dai ka ga saƙo a Absher, manhajar gwamnati. Ƙaramar fuska da cikakkiyar riga mai sabon launi ba ɗaya ba ne a idon askari. Ranar fahas, wato duba lafiyar abin hawa, ma suna duba fitila. Ɗan Bahra, fitilar taka tana da zoben nan mai canja launi?

Ɗan Bahra: Tana da shi, fari da shuɗi da ja, da ɗan rimot.

Abu Ammar Riyad: Bar shi a fari ka jefar da rimot ɗin, ko a yanke wayarsa. Ja da shuɗi na motocin hukuma ne da na agaji. Mu baƙi ne a ƙasar nan, iƙama, katin izinin zama, a aljihu, ba mu da rarar rigima.

Ɗan Taif: A nan na bi bayanka. Ƙari ɗaya daga mutumin dutse: farin haske mai shuɗi-shuɗi, wanda ake rubuta wa 6000K, a hazon Hada, hanyar dutsen Taif, dawo maka yake yi a ido kamar farin bango. Haka in ƙura ta taso. Mai ɗan rawaya ya fi sauƙi a ido. In za ka ƙara ƙananan fitilu nan gaba, sa rawaya, ka kafa su ƙasa.

Na Madina: Kuma mutanen Jidda ku tuna da gishirin teku. Notin da ke zuwa cikin kwali wata uku ya yi ja. A sayi na sitenles, da noti mai roba a ciki wanda ba ya kwancewa. Gam ɗin noti shuɗin nan kuma kada ya taɓa fuskar, yana sa irin wannan robar ta tsattsage.

Ɗan Bahra: Salamu alaikum, na dawo da rahoto bayan kwana shida, mashin yana ajiye ina bin abokin aiki. Boris ɗin wuya ya ci kamar yadda Baba ya ce, har ƙwallayen sun yi rami a mazauninsu, an canja. An yi ƙarfe biyu na sama, an jawo fuskar baya kamar yatsa uku, an bi da wayar totur ta inda take tun asali. An sa katawit da fis. Mita ta nuna 12.4 a silo fitila a kunne, 13.4 in an ba da wuta. Zoben an yanke wayarsa. Jiya da dare ni da ƙanena muka yi awon bango, sai da muka sauke ta sosai kafin layin ya zo ƙasan zanen. Yau na je Jidda na dawo, har 85 kai bai motsa ba, kuma mota ɗaya ba ta watsa min wuta ba. Umma, ki gaida mana tsohuwa.

Hajiya Ummu Safiya: Za ta ji. Allah ya yi maka albarka, ya tsare hanya.

Mu'allim Mai Wayarin: 13.4 ya yi, amma ba shi da rara da yawa. A cunkoso kana silo batir ne ke biya. Kada ka ƙara masa cajar waya da wasu fitilu a kai sai an gyara kwayil. Bayan mako biyu ka sake aunawa da safe kafin ka tayar, in ya sauka ƙasa da 12.4 ka gaya min.

Abu Ammar Riyad: Ma sha Allah. Har yanzu ni ba zan sa wa nawa ba, amma boris ɗin nan da ba a gano shi ba sai ya kayar da kai.

Ɗan Bahra: Saura abu ɗaya Baba. Ƙirjina ya huta, amma yanzu iskar tana dukan hular kwano daidai goshi, tana kaɗa min kai, ga ƙara a kunne.

Baba Usta: Bakin gilashin ne ke jefa maka iskar a daidai nan. Kada ka yanka tukuna, abin da aka yanke ba ya dawowa. Fara da kwantar da shi baya kaɗan, ka sa washa biyu a ƙarƙashin notin ƙasa, ka gwada kwana biyu. In bai yi ba sai a rage tsayinsa iskar ta sauko kafaɗa. Ka manna tef a inda za a yanka, zarto mai ƙananan haƙora, a hankali, a goge bakin da sanfefa. In kana tsoro ka kawo shi ranar Asabar bayan la'asar, ka taho da hular taka don in ga inda idonka yake tsayawa in ka zauna.